Riba Muke Ci, Ko Jari?

A zamanin da, in mutumin ƙauye yana so ya yi sari, sai ya ɗaure kuɗinsa a lalita, ya yi sammako ya tari mota, ya tafi Kantin Kwari a Kano, ko Taminus a Jos, ko ma ya kai har Anacha. Ya ga kaya da idonsa, ya taya, a sallama masa, ya ƙirga kuɗi ya biya. In ya komo gida ya zazzage lalita, abin da ya rage shi zai gaya masa nawa tafiyar ta ci. Yau abin ya sake. Wayar hannu ta shigo ƙasarmu a 2001, aka buɗe kantunan intanet irin su Jumia da Konga a 2012, sai kasuwa ta fara biyo mu har gida. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya ƙarasa aikin, gama ya tilasta wa har tsofaffi su koyi tura kuɗi ta waya. Yanzu a ikkilisiyoyinmu na karkara akwai mata da samari da yawa masu yin odar kaya ta waya suna sayarwa: atamfa, takalma, man shafawa, fitila mai caji da rana, cajar waya, famfon feshi, irin kayan lambu. Waɗansu daga kantunan nan suke saye, waɗansu daga 'yan kasuwar Kano da Aba da Legas masu tallar kaya a WhatsApp da Facebook, waɗansu kuwa har daga ƙasar Sin.

Muna murna da wannan sana'a, muna kuma so ta yi albarka. Mace mai goyo tana iya yinta daga cikin gidanta. Saurayin da ya gama makaranta bai sami aiki ba yana iya yinta ba tare da ya gudu birni ya bar gonar ubansa ba. Amma akwai abin da yake damunmu ƙwarai. Sau da yawa mutum yakan fara da kaka, bayan ya sayar da masara ko ya kwashi adashe. Lokacin Kirsimati ciniki ya yi daɗi, kowa yana yaba masa. Kafin Ista sai ka ji shiru. In ka tambaya, sai a ce maka kasuwa ce ba ta yi ba, ko mutane ne suka karya shi da bashi, wani ma ya ce hannu aka sa masa. In ka ce a kawo littafi a duba inda kuɗin suka bi, sai ka tarar babu littafi, ba a kuwa taɓa yinsa ba.

Ra'ayinmu a kan wannan a fili yake. Duk wanda yake sayen kaya ta waya domin ya sayar, tilas ne ya riƙa rubuta lissafinsa, kowace rana, kowace naira. In yana da babbar waya, ya koyi aiki da allon lissafi a cikinta. In ba shi da ita, ya ja layi a littafin rubutu na 'yan makaranta. Wanda ba ya rubutawa bai san ko riba yake ci ko jari ba. Jari kuwa iri ne. Ba manomin kirki da zai tuƙa tuwo da irin da ya ajiye domin shuka, amma mai ciniki marar lissafi yakan yi haka kullum da zuciya ɗaya, bai sani ba.

INDA KUƊI SUKE ZUBEWA

Cinikin waya ya fi cinikin da bukatar rubutu, domin kuɗin ba sa fita a wuri ɗaya, ba sa kuma bi ta hannu. Yau ka tura kuɗin kaya. Bayan kwana uku ka tura wa direba. Ranar da kaya suka iso tasha ka biya mai babur. Banki ya cire nasa, mai POS ya cire nasa, data ta ƙare ka sake saye. Ba ka ƙirga ko takarda ɗaya da yatsunka ba, saboda haka ba ka ji zafin fitarsu ba. Farashin da ka gani a waya shi kaɗai yake zama a ka, sauran duk an manta. Ga shi kuma cinikin biri a sama ne. Ba ka ga kayan ba sai sun iso, wani a fashe, wani ba launin da ka zaɓa ba.

Bari mu yi misali. A ce wata 'yar'uwa a Zumuntar Mata ta yi odar fitilu 20 masu caji da rana, kowace naira 3,000. Ta biya naira 60,000. Ta yi niyya ta sayar da kowace naira 4,000. A zuciyarta ta riga ta gama lissafi: ribar naira 1,000 sau 20, watau naira 20,000. Ta ma riga ta raba su, wannan na kuɗin makaranta, wannan na taki.

To, ga abin da takarda za ta ce. Kuɗin kawo kaya zuwa gari naira 4,500. Kuɗin motarta zuwa gari da komowa domin ta karɓo, naira 2,400. Data da katin kira naira 1,000. Kuɗin turawa naira 100. An ƙara naira 8,000 ke nan a kan 60,000, jimla 68,000. Da ta buɗe kwali ta tarar biyu ba sa kamawa. Ɗaya kuma surukarta ta gani ta yaba, ba yadda za ta yi, ta ba ta. Saura 17. Ta sayar da su duka a naira 4,000, kuɗi ya kama naira 68,000 daidai. Ba ribar ko kwabo, wahalarta ma ta tafi a banza.

Maganar ba a nan ta tsaya ba. Biyar daga cikin 17 ɗin bashi aka ɗauka, sai ranar kasuwa, sai an sayar da waken soya. Abin da ya shigo hannunta naira 48,000 ne. In ta cire 20,000 da take tsammani ribarta ce ta kashe, saura 28,000. Da wannan za ta koma sari, inda kwali ɗaya ya ci mata 68,000. Ba wanda ya yi mata sata, ba wanda ya yi mata asiri.

Da ta rubuta tun ranar da kwalin ya iso, da ta ga kowace fitila mai lafiya ta tsaya mata a kan kusan naira 3,800, ba 3,000 ba. Sa'an nan sai ta zaɓa: ko ta sa 4,500, ko ta haɗa oda da 'yan'uwa biyu su raba kuɗin mota, ko ta bar fitila ta nemi wani kaya. Kowanne a ciki ya fi tafiya a makance.

MENE NE ALLON LISSAFI?

Kada sunan ya ba kowa tsoro. Wanda ya taɓa ganin littafin ma'ajin ikkilisiya, ko rajistar malamin makaranta, ya riga ya san kamanninsa. Shafi ne da aka ja wa layuka a tsaye da a kwance, ya zama gida-gida kamar gidajen dara. Layukan tsaye suna da haruffa a kansu, A, B, C. Na kwance suna da lambobi, 1, 2, 3. Saboda haka kowane gida yana da sunansa, kamar B2 ko D7. A cikin gida kana iya rubuta suna, ko lamba, ko umurni. Umurnin nan shi ne ya bambanta shi da takarda. In ka ce wa gida ɗaya ya tara abin da ke gidajen samansa, zai tara. In kuma ka sake lamba ɗaya a sama, nan take jimlar za ta gyara kanta, ba sai ka goge ka sake haɗi ba.

Dabarar rubuta shiga da fita tsohuwa ce. A 1494 wani malamin lissafi, ɗan zuhudu na ɗariƙar Katolika mai suna Luka Paciyoli, ya buga bayanin yadda fataken birnin Fenis na Italiya suke riƙe littattafansu. Har yau a kan wannan tushe akawu suke aiki. Allon kwamfuta kuwa a Amurka ya fito a 1979, sa'ad da Daniel Bricklin da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc. Excel ya biyo baya a 1985, Google Sheets a 2006. A da sai mai kwamfuta yake iya amfani da shi. Yau Google Sheets kyauta ne, yana shiga babbar waya irin wadda ake yin oda da ita, in an saita shi kuma yana aiki ko babu sabis. Wayar da ta iya kai ka kasuwar Legas ta iya riƙe maka littafi.

YADDA ZA A TSARA SHI

Shawararmu a yi shafi huɗu, kada a wuce haka da fari.

1. Shafin saye. Layi na farko na sunaye ne. A, rana. B, irin kaya. C, wurin wanda aka saya da lambar oda. D, guda nawa. E, farashin guda. F, kuɗin kawowa duka, na direba da na dako da na motarka. G, sauran ƙananan kuɗi, kamar data da kira da banki da leda. H, guda nawa suka iso lafiya. I, jimla. J, abin da guda ɗaya ya tsaya maka. A gidan I2 sai ka rubuta =D2*E2+F2+G2. A gidan J2 ka rubuta =I2/H2. Alamar daidai a gaba ita ce take gaya wa allo cewa umurni ne, tauraro yana nufin sau, karkataccen layi yana nufin rabawa. Sau ɗaya za ka rubuta, sa'an nan ka kwafa zuwa layukan ƙasa. Kada ka yanka wa kaya farashi sai ka dubi gidan J.

2. Shafin sayarwa. Rana, irin kaya, guda nawa, nawa aka sayar, an biya ko bashi ne. Abin da ka ba da kyauta, ko ka ɗauka domin gida, shi ma ka rubuta shi nan, ka sa sifiri a gidan kuɗi. Kyauta abu ne mai kyau, amma ya kamata mai kyauta ya san nawa ya bayar.

3. Shafin bashi. Sunan mai bashi, ranar da ya ɗauka, nawa, ranar da ya yi alkawari, abin da ya biya, abin da ya saura. Ka karanta masa abin da ka rubuta tun yana tsaye, domin kada a yi musu daga baya.

4. Shafin cin gida. Duk nairar da ka cire daga sana'a, ko ta gishiri ce, ko ta magani, ko ta gudummawar biki, ko ta baiko. Wannan shafi shi ne mutane suka fi ƙin rubutawa, shi ne kuwa ya fi faɗin gaskiya.

A gidan lamba a rubuta lamba zalla. In ka sa kalmar naira a ciki, allo zai ɗauka suna ne, ya ƙi tarawa.

A ƙarshen kowane wata sai a leƙa rumbu. Ka tara abu huɗu: tsabar kuɗin da ke hannu, wanda ke banki, kayan da suka rage bisa farashin gidan J, da bashin da kake bi wanda ka tabbata za a biya. Sa'an nan ka cire bashin da ake binka. Abin da ya fito shi ne girman sana'arka a wannan rana. Ka gwada shi da na watan jiya. In ya ƙaru, madalla. In ya ragu wata biyu a jere, ka tsaya ka bincika tukuna kafin ka sake oda.

ABIN DA ALLON ZAI NUNA

In ka daure wata uku kana rubutawa, allon zai fara gaya maka abin da ba ka sani ba. Na fari, zai nuna maka kayan da suke gudu. A ce ka sa naira 50,000 a takalman roba, ribar duka 5,000 ce kawai, amma sukan ƙare cikin mako biyu. Ka sa wata 50,000 a leshi, ribarsa 15,000, amma sai ya yi wata uku kafin ya ƙare. Ido zai ce leshi ya fi. Allo zai ce a cikin wata ukun nan takalma sun juya sau shida, sun kawo 30,000. Zai kuma nuna maka lokaci, gama abin da ake nema da kaka, sa'ad da kuɗi ke hannun manoma, dabam yake da abin da ake nema da bazara, sa'ad da kowane kwabo ya tafi taki da iri.

Na biyu, zai tuna maka kuɗin sake sari. Wannan darasi duk ƙasar nan ta koye shi da zafi. A watan Mayu 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a watan Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin a janye tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a 2024. A Janairu 2025 kuma aka yarda wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Da yawa daga cikin kayan da ake oda daga waje ake shigo da su, da mota kuma suke iso mana. A irin wannan lokaci mutum yakan sayar da riba bisa farashin jiya, ya koma sari ya tarar jari da riba duka ba su isa su sayi abin da ya sayar ba. Saboda haka a ƙara gida ɗaya, K, a sa masa suna farashin yau, a riƙa dubawa sau ɗaya a mako. In farashi sauka yake yi ma, gidan nan zai gaya maka ka saki kaya da wuri.

Na uku, zai zama maka shaida. Za ka ga wane mai sayarwa ne kayansa suke zuwa a fashe, wane ne yake jinkiri. Kantunan intanet suna da ƙayyadaddun kwanaki na mayar da kaya, wanda ya rubuta rana da lambar oda yana da abin kamawa. Ban da haka, mutumin da ya ga da idonsa irin wahalar da ake sha kafin naira 50,000 ta haifi 5,000, ba zai yi saurin yarda da mai cewa zai ninka masa kuɗi yana kwance ba. Mutane da yawa sun yi kuka sa'ad da MMM ta riƙe kuɗinsu a Disamba 2016, irinta kuwa ba su daina fitowa da sabon suna ba.

GARDAMAR DA AKE YI MANA

Waɗansu sukan ce, ba wuta, ba sabis, waya kuma takan ɓace. Gaskiya ne. Shi ya sa muke cewa littafi da fari, allo na biyu. Ka rubuta a littafi nan take da ciniki ya faɗa, sa'an nan sau ɗaya a mako, ranar da waya ta sami caji, ka kwashe zuwa allo. Littafi yana iya jiƙewa, gara tana iya cinsa, waya ana iya sacewa, amma da wuya su biyu su tafi rana ɗaya. Wanda ba shi da babbar waya kada ya ci bashi ya saya saboda wannan magana tamu. Biro da rula da littafi sun isa, sai dai zai yi haɗin da kansa.

Wata takan ce, ban yi makaranta ba. Iyayenmu mata masu sayar da man gyaɗa sukan ja zane a bango da gawayi, kowane zane bashin kwalba ɗaya. Su ma lissafi suke rubutawa. Wadda ta iya danna lambar waya ta riga ta san lambobi goma, su ne kuwa abincin allo. Ɗanki ko 'yarki da ke sakandare yana iya tsara miki gidajen, ya nuna miki inda za ki sa lamba. Amma ki yi ƙoƙari ki koya da kanki, gama yaro zai koma makaranta, jarin kuwa naki ne.

Akwai magana ta uku wadda ba a cika faɗinta a fili ba: in na rubuta, maigida zai gani, dangi za su ji. Ba mu raina wannan tsoro ba. Akwai gidajen da in an ga kuɗi a hannun mace, kuɗin cefane ya tsaya ke nan. Amma a duba da kyau. Mace marar littafi ba ta da amsa in an ce mata, ai kina da kuɗi. Mai littafi tana iya cewa, wannan na adashe ne, wannan na mai kaya ne, ribata ga ta nan. Waya kuma ana iya kulle ta, ba mai gani sai wanda kika nuna wa. Ga mazaje kuwa muna cewa, jarin matarka ba kuɗin cefane ba ne. In bukata ta sa ka ranta, ka yarda a rubuta sunanka a shafin bashi kamar na kowa, ka kuma biya.

Waɗansu 'yan'uwa suna ganin yawan ƙirge rashin bangaskiya ne, tun da Allah ne mai ba da riba. Lalle Allah ne mai bayarwa, kamar yadda shi ne mai ba da ruwan sama, amma ba wanda ya ƙi yin noma saboda haka. A cikin Luka 14 Ubangijinmu ya yi misali da mutumin da ya fara gini bai zauna ya auna kuɗinsa ba, ya kasa gamawa, ya zama abin ba'a. A cikin Matiyu 25 maigidan da ya ba bayinsa kuɗi ya dawo ya nemi kowa ya ba da lissafi. Karin Magana 27 kuma ya gargaɗi mai kiwo ya san halin da garkensa yake ciki. Jarin da yawancinmu muke juyawa ma ba namu kaɗai ba ne. Na adashe ne, ko rancen ƙungiya, ko akuyar da uwa ta sayar domin ɗanta ya sami abin yi. Amana ce. Wanda bai san ribarsa ba kuma, ta yaya zai san zakkarsa?

Muna da gargaɗi ɗaya a kan allon kansa. Bai san gaskiya da ƙarya ba, abin da ka ba shi shi zai tara. In ka ɓoye masa kuɗin babur, zai nuna maka ribar da babu. In yatsa ya zame ka rubuta 300 maimakon 3,000, ba zai ce maka komai ba. Domin haka a ƙarshen wata ka ƙirga kaya da hannu, ka ƙirga kuɗi da hannu, ka dubi abin da ke banki. In ba su yi daidai da allo ba, kada ka gyara lamba domin ranka ya yi daɗi. Ka nemi inda ta ɓace.

ABIN DA MUKE ROƘON IKKILISIYOYI

Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon dattawa da shugabannin ƙungiyoyi su duba waɗannan:

1. Kowace ikkilisiya tana da ma'aji wanda ya san littafi, tana kuma da matasa waɗanda suka san waya. A haɗa su, su koya wa juna, sa'an nan su koya wa sauran jama'a. Zama uku ko huɗu a cikin rani, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi, sun isa a fara.

2. Zumuntar Mata ta keɓe rabin sa'a sau ɗaya a wata bayan taro, domin masu sana'a su zo da littattafansu. Ba sai kowa ta nuna kuɗinta ba. Wadda haɗi ya ƙi mata sai ta ja wadda ta amince da ita gefe.

3. Ƙungiyoyin da ke ba da rance su nemi ganin lissafin wata uku kafin su ƙara wa mai sana'a jari. Wannan ba tsanani ba ne. Ba da rance ga wanda yake faɗuwa bai sani ba, ƙara masa kaya ne.

4. Masu sayen kaya iri ɗaya su haɗa oda, mutum ɗaya ya je gari ya karɓo. A rubuta rabon kowa tun kafin a tura kuɗi, domin kada kuɗi su ɓata zumunci.

5. Mu da muke ɗaukar kaya bashi a wurin 'yan'uwa, mu biya a ranar da muka faɗa. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wannan bai zama hujjar riƙe jarin gwauruwa wata shida ba. Fastoci da dattawa su fara nuna gurbi, gama su ne aka fi jin nauyin tambaya.

Kakanninmu ba su da biro, amma sun san dami nawa suka shiga rumbu, nawa za a ci kafin damina, nawa kuma na iri ne wanda ba mai taɓawa ko yunwa ta yi zafi. Abin da muke roƙo ke nan a yi wa sana'ar waya. Kada ka jira sabuwar shekara, kada ka jira sai ka sami babban jari, ba a fafe gora ranar tafiya. Yau da dare ka ɗauki littafi, ka ƙirga kayan da ke ɗaki, da kuɗin da ke hannu, da bashin da ke waje, ka rubuta su a shafi na farko tare da kwanan wata. Gobe ka rubuta cinikin gobe. Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanmu, ya kuma same mu amintattu a kan abin da ya damƙa mana.